Fayil ɗin waƙa ya ƙi buɗewa: tambayoyi da amsoshi ga masu rubuta kiɗa a kwamfuta a Maradi

Mu da ke rubuta kiɗa a kwamfuta a nan Maradi ba mu da yawa, kusan duk mun san juna. Akwai shugabannin ƙungiyoyin mawaƙa na majami'u, da masu koyar da ƴan badujala, da malaman makaranta da ke koya wa yara do re mi, sai samarin sutudiyo da suka gaji da riƙe komai a ka. A shekarun da na yi ina buga wa mutane takardun kiɗa, kukan da na fi ji guda ne: "An aiko mini waƙa, ta ƙi buɗewa." Ga tambayoyin da ake yawan kawo mini, da abin da nake amsawa. Da yake yawancin kwamfutocinmu da Faransanci suke, zan kira sunayen maɓallan yadda kuke ganin su.

Malam, ni da abokina duk MuseScore muke aiki da ita. Me ya sa fayil ɗinsa ya ƙi buɗewa a wurina?

Sunan ne ɗaya, shekarun ba ɗaya ba. MuseScore ta 1 ta fito a 2011, ta 2 a 2015, ta 3 a ƙarshen 2018, ta 4 kuma a Disamban 2022. Dukansu suna ajiye fayil mai wutsiya iri ɗaya, wato .mscz, shi ya sa ido ba ya gane bambanci. Amma abin da ke ciki ba hoton takarda ba ne. Jerin umarni ne da ke gaya wa manhaja: ga nota kaza, tsawonta kaza, ga kalmar da ke ƙarƙashinta, ga inda layi zai karye. Duk lokacin da aka fitar da sabuwar siga, sai an ƙara wa umarnin nan sababbin kalmomi, wasu kuma a sauya musu ma'ana. Jika yana jin maganar kakansa, amma kaka ba ya gane sababbin kalmomin da jikoki suka ƙirƙiro bayan ya tsufa. Haka siga ta 4 take buɗe aikin ta 3 da ta 2, ita kuwa ta 3 in ta ga aikin ta 4 sai ta ce an yi shi da sigar da ta fi ta sabunta, ta tsaya nan.

Abin da ya fi cin mutane shi ne wannan: fayil ɗinka na siga ta 3, da zarar wani ya buɗe shi a ta 4 ya danna Enregistrer, ya tashi daga hannunka. Na ga dattijon da ya ba wani saurayi waƙarsa a kile, wato USB, don ya gyara masa nota biyu kacal, ranar Asabar da yamma, gobe za a rera ta. Saurayin ya gyara da zuciya ɗaya, ya ajiye a kan na asali. Da dattijon ya koma gida, waƙar da ya rubuta da hannunsa ta ƙi buɗe masa. Ba wanda ya yi mugunta a cikinsu. Tun daga ranar nake roƙon kowa: kafin ka taɓa aikin wani, ka yi kwafi, ka yi gyaranka a kan kwafin.

In kana son sanin sigar da ke kwamfutarka, duba Aide, sannan À propos. Lambar tana nan.

To ba sai in sauko da sabuwar kawai ba, a huta?

In kwamfutarka za ta ɗauka, bismilla, kyauta ce. Sai dai MuseScore ta 4 tana buƙatar Windows 10 ko sama, mai 64 bit. Da yawa daga cikin injinan da ke hannunmu na hannu ne, an sayo su a kasuwa ko an tsallako da su daga Katsina, wasu har yau Windows 7 suke ɗauke da shi. Irin waɗannan iyakarsu siga ta 3.6.2, wadda ta fito a farkon 2021. Ga kuma kuɗin data: manhajar kanta ba ta da nauyi sosai, amma sautukan Muse Sounds da ake yabon ta 4 saboda su suna cin giga da yawa.

Ra'ayina a nan a fili yake. A cikin ƙungiya, mai sabuwar kwamfuta shi ya kamata ya sauko, ba a tilasta wa mai tsohuwa ya sayi abin da ba ya da kuɗinsa ba. Ana iya ajiye ta 3 da ta 4 a kwamfuta guda, ba sa faɗa da juna. Ku zauna ku tambayi kowa lambarsa, ku ɗauki mafi ƙanƙanta ta zama ita ce ta aikin haɗin gwiwa. Waƙar murya huɗu ba ta buƙatar abin da ta 3 ba ta iya ba. Da tsohuwar zuma ake magani.

An riga an ajiye a ta 4, ni kuma ta 3 gare ni. Akwai mafita?

Akwai. A cikin ta 4 babu maɓallin da zai mayar da fayil ya koma na ta 3, amma wanda ya aiko maka ya shiga Fichier, ya danna Exporter, ya zaɓi MusicXML, ya aiko maka da wannan. Kai kuma ka buɗe shi a ta 3, ka duba, ka ajiye da sabon suna. Ko tsakanin ƙananan sigogin ta 4 ana samun wannan gargaɗin, misali aikin 4.4 a kan 4.0, kuma maganin ɗaya ne.

Wai mene ne MusicXML ɗin nan da kake ta ambato?

Ka shiga babbar kasuwa ka tsaya. Buzu ya kawo kayansa, Bafulatani ya kawo nasa, ga Bazabarme, ga Bayarabe, kowa da harshen gidansu, amma ciniki da Hausa ake yin sa. MusicXML ita ce Hausar kasuwar manhajojin kiɗa. Wani Ba'amurke mai suna Michael Good ne ya ƙirƙiro ta, siga ta 1.0 ta fito a 2004, ta 4.0 a 2021, kuma tun 2015 kula da ita ya koma hannun wani rukuni a ƙarƙashin W3C, ƙungiyar da ke tsara ƙa'idojin yanar gizo, ba mallakar kamfani ɗaya ba ce. MuseScore da Sibelius da Finale da Dorico duk suna karanta ta, suna kuma rubuta ta.

Sai dai ka san harshen kasuwa yana kai saƙo, ba ya kai duk daɗin maganar gida. Abin da ke tsallakawa lafiya shi ne notoci da tsawonsu, alamun diyez da bemol, yawan bugun kowane gida, muryoyi, kalmomin waƙa, da yawancin alamun ƙarfi da laushi. Abin da ke yawan zubewa a hanya shi ne kwalliya: inda ka ja wata kalma da hannu ka ajiye, tazarar layuka, salon haruffa, sautin da ka zaɓar wa kowane kayan kiɗa. Alamun maimaici ma a duba su da kyau, musamman Coda da D.S., don wani lokaci rubutun yana zuwa amma manhajar ba ta bin sa in tana kaɗa waƙar.

Wutsiya uku za ka gani. Akwai .mxl, wanda aka matse ya zama ƙarami, shi ya fi daɗin aikawa. Akwai .musicxml, wanda ya shigo da siga ta 3.1 a 2017. Akwai kuma tsohon .xml. Biyun ƙarshe abu ɗaya ne a ciki, don haka in tsohuwar manhajarka ta ƙi ganin .musicxml, sauya wutsiyar ta koma .xml, sau da yawa za ta karɓa.

Ashe ke nan in na sauya .sib ya koma .mscz zai buɗe?

A'a. Wancan ya yi aiki ne don cikinsu ɗaya. Buhun gero ko ka rubuta masa "shinkafa", gero ne a ciki.

Baba ya bar mana waƙoƙi fiye da ɗari a Finale. Mun ji an ce an daina yin ta. Sun tafi ke nan?

Ba su tafi ba tukuna, amma wannan ita ce tambayar da ta fi damuna a duk shafin nan. Finale ta fara fitowa a 1988. Ranar 26 ga Agustan 2024 kamfanin MakeMusic ya sanar cewa ya daina ci gaba da ita, siga ta 27 ita ce ta ƙarshe, ya kuma nuna wa masu amfani da ita hanyar komawa Dorico. Wadda ke kan kwamfutarku za ta ci gaba da aiki, amma ba mai sake gyara ta in wani sabon Windows ya zo ya ƙi ta. Ranar da injin nan ya mutu, kuma kun san abin da zafin watan Afrilu da ƙurar hunturu ke yi wa injina a garin nan, ƙofar na iya rufewa.

Fayilolinta iri biyu ne: .mus na da, har zuwa siga ta 2012, da .musx daga ta 2014 zuwa sama. Sibelius da Dorico ba sa buɗe su kai tsaye, MuseScore ta 3 ma haka. Don haka tun injin Baba yana tashi, ku zauna ku fitar da kowace waƙa sau biyu, ɗaya MusicXML, ɗaya PDF. Ba sai kun bi su ɗaya bayan ɗaya ba wajen MusicXML, sigogin baya-bayan nan suna iya juya dosiye guda gaba ɗaya a ƙarƙashin Exporter. PDF ɗin shi ne shaidarku: duk ranar da kuka buɗe MusicXML a wata manhaja kuka yi shakkar wata nota, shi za ku duba ku ga abin da Baba ya rubuta. Kada ku share na asalin. Ku ajiye komai a wuri biyu, ɗaya a gida, ɗaya a hannun wani ɗan uwa. Ba a fafe gora ranar tafiya, ku fara a satin nan.

Ƴan uwa daga Najeriya sukan aiko mana .sib. Yaya za mu yi?

Wannan na Sibelius ne, wadda tagwaye Ben da Jonathan Finn suka ƙirƙiro a Ingila, suka fitar a 1993, kamfanin Avid ya saye ta a 2006. MuseScore ba ta buɗe .sib. Ka roƙe su MusicXML, tun daga Sibelius ta 7 ta 2011 ana iya fitar da shi daga cikin manhajar ba tare da ƙarin komai ba. In kuwa kai ma Sibelius gare ka amma tsohuwa, to nan ta fi MuseScore sauƙin kai: a ƙarƙashin Exporter akwai zaɓin ajiye fayil a tsarin sigar baya, mai aikowa ya zaɓi lambarka. Duk abin da tsohuwar ba ta sani ba zai faɗi ko a sauya shi da makamancinsa, amma waƙar za ta iso.

Wani abu kuma da ba na manhaja ba ne, amma yana rikita mu. Su can da yawa da sol-fa suke karatu, inda "do" ke bin maɓallin waƙa duk inda ya koma. Mu nan da muka koya ta hanyar Faransanci, Do ɗinmu a kafe yake wuri ɗaya, shi ne suke kira C. Kafin ka ce fayil ya lalace, ka tabbata ba wannan ne ya shiga tsakaninku ba.

Haruffan ƙ, ɗ, ɓ da ƴ sun koma akwati-akwati, wasu sun zama alamar tambaya. Me ya faru?

Wannan ciwon namu ne mu Hausawa, masu ƙera manhajojin nan ba sa jin zafinsa kamar mu. Dalili uku na sani.

Na farko, salon haruffan da marubucin ya yi aiki da shi babu shi a kwamfutarka, sai manhajar ta ɗauko wani wanda ba ya da haruffa masu lanƙwasa. Harafin yana nan a cikin fayil, nuna shi ne aka kasa. Zaɓi dukan kalmomin waƙar ka sauya musu salo, za su dawo. Charis SIL da Andika kyauta ne, kuma suna da haruffanmu duka, har da ƴ da muke rubutawa a nan Nijar inda Najeriya ke sa 'y.

Na biyu ya fi wuya. A da, kafin tsarin Unicode, wanda ya ba kowane harafi lambarsa, ya yaɗu, akwai salon haruffa na dabara da ake ɗora ƙ a gurbin wani harafi, misali ka buga q ya nuna maka ƙ. A kwamfutar mai shi komai daidai, amma a cikin fayil q ce ke zaune. In aka raba fayil da salon nan, asiri ya tonu. Wannan sai dai a bi a sake bugawa.

Na uku, tsofaffin sigogin da ba su san Unicode ba sam. Finale ba ta karɓe shi ba sai a siga ta 2012. In ka kai fayil mai haruffanmu ga wadda ta girme ta, ka sa ran alamar tambaya.

Wasu sukan gaji su cire lanƙwasar gaba ɗaya, su ce ai Bahaushe zai gane. Ba na goyon bayan haka. Kafa ba ƙafa ba ce, baki ba baƙi ba ne, bari ba ɓari ba ne. Yaron da ke koyon waƙa daga takarda abin da ya gani zai rera, kuma takardar za ta daɗe bayan wanda ya san daidai ya tafi. A sunan fayil kaɗai nake barin lanƙwasa, don wasu tsofaffin injina da kile suna dagula shi.

Bayan haruffa, ka bi gaɓoɓin kalmomi ɗaya bayan ɗaya ka ga kowace tana ƙarƙashin notarta. Hausa tana da doguwar gaɓa da gajera, tana da hawa da saukar murya. In gaɓa ta gusa da nota ɗaya, sai gajera ta hau doguwar nota, kalmar ta fita daga kamanninta a bakin mawaƙa. Baiti na biyu da na uku su ne suka fi yawan gocewa.

Na rubuta wa kalangu da algaita, a wurin abokina sai piyano ke fita.

Jerin sautukan da manhajoji ke kaɗa waƙa da su, wato General MIDI, wanda aka tsara a 1991, kayan kiɗa 128 ne a cikinsa, kuma babu kalangu, babu goge, babu gurmi, babu kakaki. Aro muke yi. Algaita mu ba ta sautin shanai na Indiya, da yake ƴan uwan juna ne, ganga mu ba ta konga ko tom. Aron nan shiri ne tsakaninka da manhajarka, ba lallai ya bi fayil zuwa wani wuri ba. Layin ganguna ma kowace manhaja da yadda take jera wane bugu ke kan wane layi, shi ya sa yake fin sauran lalacewa.

Ka rubuta sunan kayan kiɗan da harafi a farkon layinsa, ka ƙara ɗan bayani a ƙasan shafi cewa nota ta sama bugu kaza ce, ta ƙasa bugu kaza. Sannan ka haɗa da sauti, ko mp3 ko ka ɗauki makaɗin da waya. Yadda mai kalangu ke matse igiyoyi a hammata murya ta hau ta sauka kamar magana, layuka biyar ba sa riƙe wannan duka, ko da fayil ya buɗe lafiya lau.

Ƴan badujalarmu sun busa, sai muka ji ƙahoni ba su dace da sauran ba.

Turumfet da kilarinet na Si bemol ne: in makaɗi ya ga Do ya busa, Si bemol ke fita. Saksofon alto kuma na Mi bemol ne. Manhaja tana iya nuna takarda a sautin da kunne ke ji, ko a yadda mai busa zai karanta. Wajen tsallakawa daga wata zuwa wata, wannan bayanin yakan ɓace, ko a juya shi sau biyu. Na ga haka ba sau ɗaya ba bayan an sauya taken ƙasa a 2023, lokacin da ake ta neman sababbin takardu ana karɓa daga hannu zuwa hannu. Kafin ka buga wa mutum ashirin takarda, duba alamun maɓalli a farkon layi. In waƙar a Do take, babu diyez babu bemol, layin turumfet ya kamata ya nuna diyez biyu, na alto uku.

MIDI fa? Kowace manhaja tana buɗe shi.

Tana buɗewa, amma MIDI an yi shi ne tun 1983 don injina su kaɗa, ba don mutum ya karanta ba. Lamba yake riƙewa: Do na tsakiya 60 ne, kuma bai san bambancin Fa diyez da Sol bemol ba, duk lamba ɗaya ce a wurinsa. In kuma da hannu aka kaɗa a kan kibod, za ka ga tarkacen gajerun notoci da hutu da ba wanda ya nufa. Kiɗanmu mai bugu uku-uku, irin 6/8 da 12/8, yakan fito a 4/4 cike da alamun uku. Sai in babu wata hanya.

Waƙata shafi biyu ce, a wurin mai buga takarda ta zama uku.

Ko dai sigarsa daban ce, ko girman takarda ya sauya. MuseScore 3.6 ta zo da sabon zanen notoci mai suna Leland da salon haruffa Edwin, kuma takan tambaya ko a ɗora su a kan tsohon aiki. In aka amsa da e, tazara ta motsa. Fayilolin Amurka kuma a kan takardar Letter suke, wadda ta fi A4 ɗinmu faɗi kaɗan, ta kuma fi ta gajarta. Wurin bugawa PDF kaɗai ake kaiwa.

An turo mini ta WhatsApp, wayata ta ce ba ta san shi ba.

Ba laifin fayil ba ne, wayar ce ba ta da abin buɗe shi. Kwashe shi zuwa kwamfuta. Mai turawa ya tura a matsayin Document, ya haɗa da PDF don a iya karantawa a waya nan take. In waya ta nuna maka .mscz ko .mxl kamar zip, kada ka warware shi, dama can matsattsen ƙunshi ne. Ni nakan sa lambar siga a jikin sunan, kamar Yabo_MS3, don wanda ya karɓa ya sani tun kafin ya danna.

Wuta ta ɗauke ina cikin ajiyewa. Yanzu ko a kwamfutata ya ƙi buɗewa.

Wannan ba rikicin siga ba ne, fayil ne ya karye. Duba nauyinsa tukuna, in sifili ne babu abin cetowa a cikinsa. In yana da nauyi, yi kwafi, ka buɗe kwafin da 7-Zip, manhajar warware matsattsen ƙunshi, ka nemi fayil mai wutsiyar .mscx a ciki, wani lokaci shi yana buɗewa shi kaɗai. Sannan MuseScore takan ajiye tsohon kwafi a wani ɓoyayyen dosiye mai suna .mscbackup, kusa da inda aikinka yake. Sai ka sa Windows ya nuna ɓoyayyun abubuwa kafin ka gan shi. Kwafo abin da ke ciki zuwa wani wuri, ka gyara sunan ya ƙare da .mscz. Aikin awa ɗaya ko na yini na iya ɓacewa, amma ya fi a rasa duka. Kuma a daina aiki kai tsaye a kan kile, a kwafo zuwa kwamfuta tukuna.

Takarda kawai ta rage mana, fayil ya ɓace. Kwamfuta za ta iya karanta ta?

Akwai manhajojin da ke gwadawa, kamar Audiveris wadda kyauta ce, da PhotoScore ta kuɗi. In bugun yana da tsabta sukan kama yawancin notoci su ba ka MusicXML. Amma takardunmu galibi kwafin kwafi ne, sun sha hannu da gumi, an yi musu gyara da biro, ga kalmomin Hausa da manhajar ba ta sani ba. Waƙar murya huɗu mai shafi biyu, sake buga ta da hannu ya fi sauri a kan gyaran kurakuran inji. Ka samu mutum ɗaya ya riƙe takardar yana karanta maka, kai kana bugawa, ku fara da soprano har ƙarshe kafin ku koma alto. In kun gama, ku kunna ta a gaban wanda ya fi kowa daɗewa yana rera ta, don sau da yawa gyaran biron nan shi ne abin da ƙungiya take rerawa da gaske, ba abin da aka buga tun farko ba.